Jar Igiyar Babur ɗin Ruwa

Tun da ka ce abin ƙarami ne, daga baya za ka mayar da shi mazauninsa, to, saurara ka ji labarin wani mutum.

A bakin wata madatsar ruwa yake da babur ɗin ruwa, irin mai tsaga tafki a guje yana watsa kumfa. Yana ɗaukar baƙi yawo, yana kuma ɗaukar bidiyon kansa yana sakawa a waya don jama'a su gani su zo. Ba mugu ba ne, yabo ne dai yake shiga masa kai fiye da kima. Ya sayi 'yar kyamara da ba ta wuce kwalin ashana ba. Ya ɗaura ta a kan hannun babur, hoto ya yi ta rawa. Ya ɗaura a ƙirjinsa, ba a ganin komai sai hannayensa. Daga bisani ya gano cewa in ya manna ta can ƙasa a gefen babur, dab da ruwa, hoton yakan fito ras, har mai kallo ya ji kamar ruwan zai fantsamo masa. Sai dai tsoro ya kama shi kada gam ya saki, kyamarar ta nutse.

To, kowane irin babur ɗin nan yana da wata jar igiya. Bakinta ɗaya a wuyan hannun mahayi, ɗayan a maƙale da maɓallin inji, don in mahayi ya faɗi ta fizge, inji ya mutu nan take. Mutumin nan ya duba bai ga igiya mai ƙarfinta ba, sai ya kwance ta ya ɗaure kyamararsa tamau, ya yanki guntun silifa ya tokare maɓallin don kada inji ya mutu. Yayansa, masunci ne a tafkin, ya gani ya tambaye shi ina igiyar hannunsa. Ya amsa da cewa zagaye ɗaya ne kawai zai yi, kuma shi bai taɓa faɗuwa ba. Yayan ya ce, "Ƙanena, ruwa bai san wannan ba." Ya tura kwale-kwalensa ya tafi duba taru.

Ranar kuwa ƙanen ya faɗi. Ya sha kwana da ƙarfi don kumfa ta cika hoto, babur ya watsar da shi, ya ci gaba da gudu ba kowa a kansa. Yana cikin ruwa, yana ji yana gani, babur ya nufi kwale-kwalen yayansa, wanda ya sunkuya yana jan taru, ya ba shi baya. Ya yi kira har muryarsa ta dishe, ƙarar inji ta danne ta.

Yayan bai mutu ba, amma ƙugunsa ya karye, bai sake tsayuwa da ƙafafunsa ba. Da aka jawo babur ɗin gaɓa, kyamara na nan a ɗaure, ko ƙwarzane ba ta yi ba, ta ɗauki komai tsaf. Ƙanen bai taɓa samun hoto mai kyawun wannan ba, kuma bai taɓa iya kallonsa ba. Yanzu shi ke tura yayansa a keken guragu zuwa masallaci, ba ya iya haɗa ido da 'ya'yan yayan nasa.

Wannan shi ne abin da Hausawa ke cewa: garin neman gira, an rasa ido.