Sammaci Uku Babu Suna

Jalaluddeen ya shiga harabar babbar kotu a Kazaure sanye da kwat ta aro wadda hannunta ya rufe masa yatsu, rungume da fayil da ya fi na kowane lauya kauri. Lauya dai ba shi da shi. Wata biyu ya yi yana karatun doka a waya, kuma a ganinsa wanda ya yi shekara tara a Fatakwal ya wuce a yi magana da yawunsa.

Asali kwana goma ya zo yi. Ta'aziyyar mahaifinsa, Malam Sharfuddeen, ce ta kawo shi, wata bakwai bayan an binne shi. Ya tarar gona ta zama saura, ƙanwarsa Bahijja ta girma, mahaifiyarsa Inna Batulu kuwa tana nan yadda ya bar ta, tana kaɗa nono tana tara man shanun da 'yan kasuwa ke saye. Shi ne ɗan fari, ita kuma Bafulatana ce mai tsananin kunya. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta kama sunansa, in tana da magana sai ta bi ta kan Bahijja: "Ki ce wa wancan tuwonsa na hucewa." Iyakar marabar da ya samu ke nan.

A rana ta biyar ya tsaya a tsakar gida ya gaya wa Bahijja, da murya yadda kowa zai ji, cewa Asabar zai koma, abokinsa Muhsin ya riƙe masa gurbin aikin walda. Ranar Alhamis sammaci ya iso daga kotun Roni.

Wani tsoho mai bin kasuwanni, Malam Halliru, ya ce babur ɗin Jalaluddeen ya firgita masa jaki har kaya suka zube. Jalaluddeen ba shi da babur. Alƙali ya ba da shi beli a hannun kawunsa, da sharaɗin kada ya yi nisa. Tsohon ya ce shaidunsa na hanya. Aka ɗage, aka sake ɗagewa, shaidu ba su iso ba, damina ta iso. Don kada zaman banza ya haukata shi, Jalaluddeen ya shuka gero a gonar mahaifinsa. Aka kori ƙarar.

Ya sake ɗaure jaka, ya sake shela a tsakar gida. Sammaci ya zo daga Gwiwa: wai ya tattake wa tsohon gyaɗa. Wannan ƙarar ta ci shi har girbi. Ta uku daga Babura ta zo, garin da rabonsa da shi tun yana firamare: wai ya zagi tsohon a tsakiyar kasuwa. Kafin a kore ta, Muhsin ya daina ɗaukar waya.

Abin da ya fi ci masa rai, duk ranar zama sai Malam Halliru ya tare shi a bakin kotu ya tambaye shi ko ya karya, har ya miƙo masa goro. Jalaluddeen ya tabbata akwai wani babban maƙiyi a bayan tsohon. Mutum irinsa, wanda ya ga duniya, ai ba ya rasa mahassada.

Sai ya shigar da tasa ƙarar a kan tsohon: an ja shi kotu sau uku da gangan, bisa mugun nufi. Zai wanke sunansa, ya tona wanda ke ɓoye, sannan ya kama hanya ba waiwaye. Da Bahijja ta kai wa Inna labari, abu ɗaya ta tambaya, ko irin wannan shari'a tana daɗewa. Aka ce tana iya kai shekara. Ta ce to. A ranar, miyarsa ta sha man shanu.

Wayarsa ta koya masa abu huɗu zai tabbatar. A gaban alƙali, uku sun zo da sauƙin da har ya ɗan ji haushi, don ya haddace tambayoyi arba'in. Tsohon ya amsa shi ya kai ƙararrakin, ya amsa an kore su duka, ya amsa ba shi da jaki, bai kuma taɓa noman gyaɗa a Gwiwa ba. Saura mugun nufi.

Jalaluddeen ya naɗe hannun kwat, ya ɗaga sammacin nan uku sama yadda ya ga ana yi a fim. Ya nuna wa kotu cewa ko ɗaya babu sunansa. Abin da aka rubuta kawai shi ne, babban ɗan marigayi Sharfuddeen.

"Baba, ka kai ni kotu sau uku. Me ya hana ka sa sunana ko sau ɗaya?"

"Ɗana, ni yadda aka faɗa mini, haka nake faɗa wa magatakarda. Ba na ƙari."

Jalaluddeen ya sauke sammacin. Ya waiwaya ya dubi 'yan kallo don su shaida wannan lokaci, ya gyara murya, ya nemi tsohon ya gaya wa kotu wanda ya aiko shi. Alƙali ya tuna wa Malam Halliru cewa ya yi rantsuwa.

"Ranka ya daɗe, wadda nake sayen man shanu a wurinta ce. Ta ce in yaron nan ya sake tafiya, ita ma sai ta yi wata bakwai a ƙasa zai zo. Na ce to ta ba ni sunansa, ta ce shekara talatin ba ta faɗe shi ba, ba za ta fara a kan takardar kotu ba."