Mai Riƙon Raga a Kogin Lidar

Karo na huɗu ke nan zaren fatsar Ulfat yana sarƙewa a reshen bishiya.

"Ke, kifi a sama yake kwana?" in ji kakanta Subhan. "Na ce ɗaga sandar, ki jira zaren ya miƙe ta baya, sannan ki sake shi. Ƙudan gashin tsuntsun nan da na ɗaura a ƙugiya don yaudarar kifi a hankali zai sauka kan ruwa, kamar mai rai."

"Kullum baki, Kaka! Shekara arba'in kana raka baƙi kamun kifi a kogin nan. Nuna min sau ɗaya mana."

"Kafaɗata ce..."

"Jiya da ita ka faskara itace."

Ta danƙa masa sandar. Ya dubi ruwa, ya dubi hanya, babu mai cetonsa. Ya yi bismilla ya wurga. Zaren ya naɗe masa wuya, ƙugiyar ta cafke hularsa.

Ulfat ba ta yi dariya ba. Wannan ya fi yi masa ciwo.

"Ragar tsamo kifi nake riƙewa, 'yar nan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ni ke ɗaura ƙudan, ni ke nuna inda kifi yake. Sandar ta baƙi ce. Yau na fara jefawa."

Ta yi ɗage ta zare ƙugiyar daga hular. Ta ɗauki ragar, ta koma bayansa ta tsaya.

"To ɗaga sandar, Kaka. Ka jira zaren ya miƙe ta baya."