Aikin Jirgi

"Ku buɗe a gaban kowa!" in ji Elhaji Harisu, mai sayar da kayan asibiti a unguwar Sersouf, can kudu cikin hamada.

Aka farke kwalin farko. Ga kwalaben allura reras, ko ɗaya ba ta tsage ba. Elhaji ya yi ajiyar zuciya, don asibitin da yake kai wa kaya sun gargaɗe shi: in ya sake kawo fasassu, sun rabu ke nan. Shi ya sa ya kori direbansa Tijani, ya ba wani kamfani a birnin Alje ya ɗoro masa kayan a jirgin ƙasa.

"Kun ga aikin jirgi?" ya ce wa maƙwabta. "Ba rami, ba girgiza. Shi kuwa gwani Tijani, garin kwalba yake kawo mini!"

Ya nufi motar da ta kawo kwalayen, yana baza riga. "Direba, sauko ka sha shayi. A ina jirgin ya sauke maka?"

Direban ya janye rawani daga fuskarsa. Tijani ne.

"Can arewa, Elhaji, inda layin dogo ya ƙare. Ni kamfanin ya ɗauka na keto sauran hamadar. Hanyarmu ce dai ta kullum, ramukanta suna gaishe ka."

Elhaji ya sake duban kwalaben. "To, yaya ba su fashe ba?"

"Su ba su ce in ɗora buhunan siminti bisa kwalayen ba, wai kar wuri ya tafi a banza."