Guntayen Zaren Gwaggo

Duk unguwar babu mai saƙa mayafi irin na Gwaggo. Zanen da take fitarwa, wanda ake kira sawun tsuntsu, ita kaɗai ke da shi, gadonta ne daga mahaifiyarta. Ko mayafi ɗaya ba ta taɓa sayar wa ɗan unguwa ba, kada a warware a gano sirrin. Sai baƙi na nesa.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, ita kanta ba ta san yadda ake zura zaren wannan zane a allira ba, wato madaukan nan da zare ke bi ta cikinsu, waɗanda ke tsara zane. Tun zurin da mahaifiyarta ta yi, ba a sake ba. In saƙa ta ƙare, sai Gwaggo ta bar guntayen zare a ciki, ta ƙulla sabo a bakin tsoho, ta ja. Haka take yi har furfura ta cika mata kai.

Ƙungiyar masu saƙa ta unguwar kuwa abin alfahari ce. Da hannunsu matan suka gyara wani tsohon sito, suka jera masaƙa, suka buɗe aji duk Asabar. Wadda ta iya rini ta koyar da rini, wadda ta iya gyaran baki ta koyar da shi. In an tashi a kafa shayi, kowa ta baje aikinta, a yaba, a yi tsiya, a yi dariya. Gwaggo ba ta fashin shayi, amma ba ta taɓa zama a aji ba.

"Ga ɗalibar kofi ta iso," in ji Doguwa, sarkin tsokanar ƙungiyar. "Gwaggo, daga gida kike jin ƙarar cokali?"

"Ke tafi can. Ina jefa ƙoshiyar saƙa tun kina goye."

Malamar aji ta matso kusa da ita. "Gwaggo, ki bari mu zo mu duba allirarki mana. Ko mutum biyu su koyi zurin, su riƙe."

"Ku duba ku kwashe? Gobe kowace 'yar koyo ta fito da sawun tsuntsu? A'a, 'yar nan. Abin gidanmu ne."

Ku ji fa! Abin da ba ka iya ba, kuma ka hana a koya. Wannan hali ya daɗe yana cinye mana sana'o'i, muna kallo muna cewa gado ne.

Ana nan sai Gwaggo ta tafi jinyar ƙanwarta. Surukarta, yarinya mai son a yaba mata, ta shiga ɗakin saƙa da tsintsiya. Ta ga allira cike da guntayen zare, duk ƙulli, sun yi baƙi ƙirin da dauɗar hannu. Ta sa almakashi ta datse su tas, ta wanke allirar, ta shanya. Da Gwaggo ta dawo, surukar ta tare ta da murna.

"Mama, sannu da hanya. Zo ki ga ɗakinki, na fitar miki da dattin nan duka."

Gwaggo ta kalli allirar, fes, babu ko sili. Ta zauna daɓas a ƙasa.

Ta rufe ƙofa ta yi ta gwadawa ita kaɗai. Ta zura, ta saƙa, sai wani hargitsi ya fito. Ta kwance, ta sake, har idanunta suka yi ja. Mayafi ɗaya tak ya rage a gidan mai wannan zane: na ƙarshe da mahaifiyarta ta saƙa, wanda ke ƙasan akwati, wanda in kewa ta dame ta take ɗaukowa ta rungume.

Ranar Asabar ta naɗe shi ta nufi siton, tun kafin a fara aji. Da matan suka ji labari, babu wadda ta yi dariya. Doguwa ce ma ta jawo mata kujera.

Malama ta ɗaga mayafin a haske, ta jujjuya. "Gwaggo, saƙar ta matse, kuma ta tsufa. Ido ba zai karanta ba. Sai an warware."

"Gefe kaɗan?"

"Za mu fara da gefe."

Gefen bai isa ba. Zaren ya ruɓe, ana ja yana tsinkewa, dole aka yi ta shiga ciki. Matan suka kewaye tebur da allurai. Wata na ɗaga sili, wata na faɗin, "Wannan ya hau, wannan ya nutse," wata na zurawa a allirar aji. Asabar ta bi Asabar, babu wadda ta gaji, shayi ma a kan aiki ake shan sa. Gwaggo na zaune tana kallon aikin hannun mahaifiyarta yana komawa tarin zare.

Ranar da Malama ta taka masaƙa, ta jefa ƙoshiya, sawun tsuntsu ya fara bayyana layi bayan layi, sai siton ya kaure da sowa. Doguwa ta ɗaga wata 'yar koyo sama don murna.

"Gwaggo, shi ne?"

Ta shafa saƙar da yatsa. "Shi ne," ta ce.

Yau babu ɗaliba a ajin da ba ta iya zurin nan ba, har da Gwaggo. Amma daga mayafin mahaifiyarta, abin da ta koma gida da shi bai fi tafin hannu ba.

Jama'a, ilimin da aka kulle a ɗaki ɗaya, kuskure ɗaya ya isa ya shafe shi. Ku je aji, ku koya, ku koyar tun kuna da zaɓi, kada sai kun rasa abin da ba ya dawowa.