Kwanon Dambu a Lambun Baba

Har yau ina jin ƙamshin dambun nan da man shanu, wanda na kai wa Baba lambunmu na tumatir a Bunkure. Tunda labari ya zo cewa yayana Sani ya gama horon soja an tura shi saflai, Baba ya daina cin abincin kirki. Babu wanda ya san aikin saflai a gidanmu, shi kuwa ya ɗauka su ake fara turawa bakin daga.

Na ajiye kwanon, ko kallonsa bai yi ba. Maƙwabcinmu Malam Audu, tsohon soja, yana gefe yana buɗe wa albasarsa ruwa. Da Baba ya faɗa masa damuwarsa, sai ya yi dariya har ya saki fartanya.

"Haba Malam Idi! Waye ya kawo maka abincin nan?"

"'Yata ce."

"To ita ce saflai ɗinka. Kai kana cikin taɓo, ita tana kawo maka abin da za ka ci. Haka Sani zai riƙa kai wa sojoji shinkafa da man mota da takalma. Ban ce babu haɗari ba, amma yawancin aikinsa tsakanin sito da mota ne."

Baba ya ce, "Alhamdulillahi." Ya wanke hannu a ruwan kwari, ya buɗe kwanon.

Yanzu da nake da 'ya'ya na san nauyin da ya sauke. Ranar na koma gida da kwano wayam, Inna ta leƙa ciki ta dube ni.