Tankar Da Ba Ta Share Aji

Ranar aikin hannu a makarantarmu ta Palladan ƙa'ida ɗaya ce: kowa ya kawo tsintsiya. A kasuwar Samaru iyaye ke sayowa, malam ya ba da maki, ya ɗaure su a bayan kekensa. Ni kuwa tankar yaƙi na kawo, irin wadda nake gani a ƙofar barikin Basawa.

Da hannuna na yi ta, daki-daki. Na fara yanka gwangwanin madara, na jera murafun kwalba suka zama ƙafafu, na zagaye su da robar keke, sannan na soka bututun biro a matsayin bindiga. Koren fenti ne ƙarshe, har yau ina jin warinsa.

Malam ya ɗaga ta da yatsu biyu. "Kai, janar! Wannan za ta share aji?"

Yara suka fashe da dariya.

Na ce, "Malam, aikin hannu kuka ce."

"To zaɓi. Ko ka tattake ta, gobe ka kawo tsintsiya, ko ka miƙo hannun da ya yi aikin."

Na karɓe ta, na ajiye a bayana a hankali don kada fentin ya goge. Na miƙa hannun dama. Da ya gama zuba masa bulala, na miƙa na hagu, domin su biyu suka yi ta.

Yanzu tankoki da jirage na wasan yara, aikin hannuna, sun cika kantar shagona a Sabon Gari. Babu wadda ta taɓa share ko'ina.