Takardar Janyewa

Lauyan ya tsaya gaban teburin alƙaliyar, riƙe da takardar da ta miƙo masa. A takardar, ta janye daga shari'ar da ya yi wata takwas yana fama da ita a kotunta.

"Ranki ya daɗe, laifin me na yi?"

Ba ta ɗago ba. "Karanta dalilin."

Ta rubuta wai akwai alaƙa tsakaninta da shi. Kansa ya ɗaure. Ko doguwar gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba, sai kallon da yake satar yi mata, yana zaton ba ta gani.

"Wace alaƙa kuma?"

Sai yanzu ta dube shi. "Ni dai na riga na sa hannu. Saura kai ka faɗa min ko ƙarya na rubuta."